Kanikancin Mota: Yadda Ake Canza Sil ɗin Bayan Karanshaf

1.0 Gabatarwa

Kanikanci yana ɗaya daga cikin sana'o'in zamani da suka sami gindin zama a ƙasar Hausa bayan zuwan mota. Kamar yadda ake koyon ƙira ko jima ko saƙa, haka ake koyon kanikanci. Uba kan kai ɗansa wurin maigidan gareji, yaro ya fara da wanke notuna da miƙa sifana, a kwana a tashi har ya iya sauke inji shi kaɗai, sannan a yaye shi.

A wannan babi za a yi bayani a kan aiki guda daga cikin ayyukan bakanike, wato canza zoben robar da ke tare baƙin mai a ƙarshen karanshaf ta wajen giya. Wannan zobe shi ne kanikawa ke kira oyil sil, ko kuma sil a taƙaice. Faɗinsa bai wuce tafin hannu ba, kuma kuɗinsa kaɗan ne, amma kafin hannu ya kai gare shi sai an sauke giya da kuloci da filawil. Saboda haka akwai abubuwa biyu da suka wajaba a kan mai yin aikin. Na farko, ya tabbatar sil ɗin ne ke yoyo kafin ya kwance komai. Na biyu, ya sa sabon daidai tun a karon farko. Za a ɗauko misalai daga yankin noman rani na Kura da Bunkure a Jihar Kano, inda tsayuwar mota ta yini biyu kan jawo wa manomi asarar da ta ninka kuɗin gyara.

2.0 Matsayin Mota a Yankin Noman Rani

Idan mutum ya bar birnin Kano ta hanyar Zariya, ya wuce Na'ibawa a ƙaramar hukumar Kumbotso, ya haye gadar Tamburawa, to ya doshi ƙasar Kura. Daga nan har zuwa Kadawa da Garun Malam da Bunkure, gonakin ban-ruwa ne hagu da dama. Ruwan da ake shayar da su yana gangarowa ne ta manyan magudanai daga madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a shekarar 1974 zamanin gwamnan Jihar Kano Audu Bako. Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, ita ce ke kula da shirin. Da damina akan noma shinkafa, da rani kuma tumatir da albasa da alkama da masara.

Daga cikin waɗannan amfani, tumatir ne ba ya jiran kowa. Da zarar ya nuna an tsinke shi, dole a kai shi kasuwa, kamar ta Kwanar Gafan, inda manyan motoci ke loda shi zuwa Legas da sauran biranen kudu. Ƙananan motoci irin su a-kori-kura da J5 da Golf su ne ke jigilar kwanduna daga bakin gona zuwa bakin titi. Akasarinsu tsofaffi ne, irin waɗanda ake kira tokumbo ko 'yan Kwatano, waɗanda suka riga suka sha tafiya a Turai kafin su iso. Ga lodi mai nauyi, ga ƙurar hunturu da ta hanyoyin gefen magudanai, ga kuma zafin watannin Maris da Afrilu. Duk waɗannan suna gajarta kwanakin duk wata roba da ke jikin inji. Idan baƙin mai ya tsiyaye direba bai ankara ba, inji kan yi nokin a tsakiyar hanya, tumatir ya ruɓe a cikin kwando. Hausawa sun ce, hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

3.0 Ma'anar Sil da Yadda Yake Aiki

Karanshaf sandar ƙarfe ce mai gwiwoyi, wadda ke kwance a ƙasan inji. Idan fetur ko gas ya kama wuta a cikin silinda, sai ya tura fistin ƙasa. Fistin ya tura kwanrod, kwanrod kuma ya juya karanshaf, kamar yadda ƙafar mai keke ke juya feda. Karanshaf yana juyawa ne a kan wasu siraran ɓawon ƙarfe da kanikawa ke kira metal, kuma famfon mai yana tura musu baƙin mai ba ƙaƙƙautawa don kada ƙarfe ya ci ƙarfe.

Bakunan karanshaf guda biyu dole su leƙo waje. Na gaba yana juya bel, na baya kuma a jikinsa ake ɗaure filawil, wato faifan ƙarfe mai nauyi da haƙora a gefensa, wanda ke miƙa ƙarfin inji ga kuloci da giya. Tun da akwai ƙofa a waɗannan wurare biyu, sai an sami abin da zai bar ƙarfe ya juya amma ya hana mai fita. Wannan shi ne aikin sil. Na baya ya fi na gaba girma, ya kuma fi shi wuyar kaiwa.

Sil yana da sassa huɗu. Akwai zoben ƙarfe wanda ke ba shi ƙwari ya zauna daram a gurbinsa. Akwai leɓen roba wanda ke rungume da karanshaf. Akwai wani siririn sifirin da ke zagaye da leɓen ta ciki yana matse shi. Sannan akwai ƙaramin leɓe na waje wanda ke tare ƙura. Wani abin lura shi ne, leɓen ba ya gugar ƙarfe a bushe. Tsakaninsa da karanshaf akwai ɗan danshin mai wanda bai kai kaurin silin gashi ba, kuma a kan wannan danshi yake zamewa. A wasu ire-iren sil akan yi wa leɓen wasu 'yan tsage a karkace, waɗanda ke mayar da mai ciki yayin da karanshaf ke juyawa. Irin waɗannan sukan zo da alamar kibiya mai nuna inda ƙarfen ke juyawa, kuma idan aka sa wanda kibiyarsa ta saɓa, maimakon ya mayar da mai ciki sai ya dinga fitar da shi.

Domin a gane irin wahalar da wannan roba ke sha, sai a yi ɗan lissafi. Idan inji yana juyi 3,000 a minti ɗaya, kamar yadda yakan yi a kan babban titi, to a kowace daƙiƙa karanshaf ya juya sau 50 ke nan, a sa'a guda kuwa sau 180,000. Duk wannan a cikin mai wanda zafinsa kan kai na tafasasshen ruwa.

A injinan dā, igiya ake dannawa a cikin wani kwarmi a zagaye karanshaf da ita, shi ya sa ɗigon mai ya zama ɗabi'ar tsofaffin motoci. A shekarar 1929 wani injiniya mai suna Walther Simmer, a kamfanin Freudenberg na ƙasar Jamus, ya ƙera zoben ƙarfe mai leɓen fata. Daga baya aka maye gurbin fatar da robar da ake haɗawa a masana'anta, wadda mai ba ya narkar da ita. A yau akwai baƙar roba ta gama-gari, akwai mai jure zafi sosai da ake kira Viton, akwai kuma sabon samfuri da ake yi da sinadarin Teflon, wanda ba shi da sifirin. Sanin wannan bambanci yana da muhimmanci, domin yadda ake sa su ba ɗaya ba ne, kamar yadda za a gani a gaba.

4.0 Abubuwan da ke Lalata Sil

Abu na farko shi ne tsufa da zafi. Yau da gobe roba kan bushe ta ƙandare, leɓen ya daina lanƙwasa, wani lokaci har ya tsattsage. Motar da ke yawan yin zafi saboda matsalar lagireto ta fi saurin kashe sil.

Na biyu shi ne datti. Man da ya daɗe ba a juye ba yana ɗauke da ƙura da garin ƙarfe, waɗanda ke taruwa a ƙarƙashin leɓe su riƙa cin karanshaf kamar samfefa. A ƙarshe sai a ga roba ta yi wa ƙarfe zobe, wato wani siririn kwarmi a daidai inda leɓen ke zama.

Na uku shi ne cushewar iska a cikin inji. Kowane inji yana da bututun numfashi da ke fitar da tururin da ya kuɓuce ta gefen fistin. Idan bututun ya toshe, ko ringi ya cinye har hayaƙi ya yi yawa, iskar kan nemi mafita ta inda ya fi rauni, ta turo mai ta bakin sil. Haka nan cika mai fiye da alamar da ke jikin geji yana haifar da irin wannan matsala.

Na huɗu shi ne wasan karanshaf. Idan metal ya cinye, karanshaf kan riƙa rawa sama da ƙasa ko gaba da baya, leɓen sil ya kasa bin sa. Na biyar kuma shi ne jabun kaya da mugun sawa, waɗanda su ne suka fi yawa a cikin motocin da ake komowa da su gareji bayan mako guda da gyara.

Daga wannan bayani za a fahimci cewa sau da yawa yoyon sil alama ce ta wata cuta da ke can ciki. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wanda ya canza sil bai buɗe bututun numfashi da ya toshe ba, ya yi aikin baban giwa.

5.0 Yadda Ake Tabbatar da Inda Yoyo Yake

Alamar da aka fi sani ita ce ɗigon baƙin mai a daidai mahaɗar inji da giya. Direba zai ga tabon mai a ƙasa duk inda ya kwana, geji kuma yana raguwa ba tare da hayaƙi a salansa ba. Idan abin ya yi nisa, mai kan shafi faifan kuloci, sai mota ta riƙa karkarwa wajen tashi, ko inji ya yi ta ƙara a kan hawa amma gudu bai ƙaru ba, musamman idan an yi lodi.

Sai dai mai gangarowa yake yi, kuma iskar tafiya tana kora shi baya. Saboda haka man da ya fito daga can saman inji ma a wannan wuri yake taruwa ya ɗiga. Bakanike mai hankali yakan fara wanke inji tas, ya bari ya bushe, ya tayar da shi na ɗan lokaci, sannan ya haska fitila ya bi sawu daga sama zuwa ƙasa. Zai duba gasket ɗin murfin saman inji, da matatar mai, da ɗan makunnin da ke kunna jar fitilar mai a gaban direba, da gasket ɗin kaskon mai na ƙasa wanda ake kira botom-filet. Duk waɗannan gyaransu ba ya bukatar sauke giya.

Bayan haka sai ya tantance irin man da ke ɗiga, domin ita ma giya tana da nata sil ɗin a wannan mahaɗa. Man inji baƙi ne idan ya kwana biyu. Man giya a galibin motoci ya fi shi kauri, yana kuma da wani wari mai hawa kai. Man giyar otomatik kuwa yawanci ja ne. Sai idan sama ta bushe, kasko ya bushe, amma baƙin mai yana fitowa daga cikin mahaɗar, sannan ake yanke hukuncin cewa sil ɗin baya ne.

Akwai kuma shawarar da ya kamata a yi da mai mota. Idan ɗan gumi ne kawai ba ɗigo ba, ana iya lallaɓawa ana duba geji kullum safe har lokacin da za a canza kuloci, a haɗa aikin biyu a biya ladan sauke giya sau ɗaya. Idan kuwa ɗigo ne sosai, jinkiri ganganci ne. Ga masu jigilar kayan gwari, lokacin da ya fi dacewa da irin wannan gyara shi ne kafin tumatir ya fara nuna. Ruwan maganin da ake sayarwa a zuba cikin mai da sunan tsayar da yoyo, iyakarsa ya ɗan kumbura roba. Ba ya ɗinke wadda ta tsage, ba ya kuma cike kwarmin da ke jikin ƙarfe.

6.0 Kayan Aiki

Ana bukatar jak da ƙafafun ƙarfe na tokare mota, ko kuma ramin gareji. Ana bukatar sifanu da soket iri-iri, da sukundireba, da guduma, da guntun katako ko bututu mai faɗin sil, da sifana mai awo wadda ke nuna ƙarfin ɗauri. Sai kwanon tarar mai, da tsumma mai tsabta, da alli ko fenti na yin alama, da gam ɗin noti.

Game da sabon sil, sau da yawa a jikinsa akwai lambobi uku, alal misali 85 x 105 x 11. Na farko faɗin ramin ciki ne, na biyu faɗin waje, na uku kauri, duk a ma'aunin milimita. Mai zuwa sayayya kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano ko wani shagon kayan gyara, ya tafi da lambar inji ko tsohon sil ɗin a hannu. Ya duba leɓen da kyau, ya tabbatar ba tsaga, sifirin kuma yana wurinsa. A nan ne karin maganar nan ta araha ba ta ado ta fi dacewa, domin ɗan abin da aka rage wajen sayen jabu bai kai ladan sake sauke giya ba.

7.0 Matakan Aiki

7.1 Shiri da Kariya

A ajiye mota a wuri mai tauri kuma shimfiɗaɗɗe, a bari inji ya huce. A cire wayar batir ta ɓangaren da ke haɗe da jikin mota. A sa wa tayoyi waigi, a ɗaga mota, a tokare ta da ƙafafun ƙarfe. Ko kusa kada mutum ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, ko wadda aka ɗora a kan bulon siminti, domin bulo kan fashe ba tare da gargaɗi ba.

7.2 Sauke Giya

A juye man giya a kwano. Idan motar mai ja da ƙafar baya ce, kamar a-kori-kura, sai a yi wa farfela alama a mahaɗarta sannan a cire ta. Idan mai ja da ƙafar gaba ce, kamar Golf ko J5, sai a cire shaf biyu da ke zuwa tayoyin gaba. Daga nan a cire kik, da wayar kuloci ko famfonsa, da sandunan canza giya, da duk wayoyin lantarki da ke jikinta. A tokare inji don kada ya rinjaya. Sannan a kwance notunan da suka haɗa giya da inji, a ja ta baya a miƙe. Kada a bar nauyinta ya rataya a kan sandar da ke shiga cikin kuloci, domin hakan na lanƙwasa faifan. A motar otomatik kuwa, sai an fara kwance notunan da suka ɗaure kwambata, wato tulun ƙarfen da ke cike da mai, domin ta fita tare da giya.

7.3 Cire Kuloci da Filawil

A yi alama a murfin kuloci da filawil, a kuma yi wata a filawil da karanshaf, don kowanne ya koma yadda yake. A sassauta notunan murfin kaɗan-kaɗan, ana tsallakawa daga wannan gefe zuwa wancan. Ƙurar kuloci ba a hure ta da baki ko da iska, domin tana da illa ga huhu. Da jiƙaƙƙen tsumma ake goge ta. Sai a tokare haƙoran filawil don kada ya juya, a kwance notunansa, a sauke shi da hannu biyu saboda nauyinsa. A nan ne sil zai bayyana, zagaye da ƙarshen karanshaf.

7.4 Cire Tsohon Sil

Kafin a taɓa shi, a lura da zurfin da ya shiga da kuma fuskar da ke kallon waje. A wasu injina sil yana cikin wani faranti ne mai notuna, wanda ake cirewa gaba ɗaya. A wasu kuma a jikin inji yake, sai an ɓamɓaro shi. Hanya mafi aminci ita ce a huda ɗan rami a zoben ƙarfensa, a murɗa sukuru a ciki, a ja da filaya. Wanda zai yi amfani da sukundireba ya naɗe bakinta da tsumma, kuma kada ya jingina ta a jikin karanshaf. Ƙarzane guda a inda leɓe ke zama ya isa ya sa sabon sil yoyo tun ranar farko.

7.5 Duba Karanshaf

Wannan mataki shi ne masu gaggawa ke tsallakewa. A goge ƙarfen da gurbin sil tas. A bi wurin da farce. Idan farce ya maƙale a kwarmi, to sabon leɓe ma a nan zai faɗa. Maganin ƙaramin kwarmi shi ne a zaunar da sabon sil ɗan gaba ko ɗan baya kaɗan, yadda leɓensa zai hau lafiyayyen wuri. Idan kwarmin ya yi zurfi, akwai wata siririyar rigar ƙarfe da ake sa wa bakin karanshaf, in ba ta samu ba sai an kai shi wurin masu injin gyaran ƙarfe. Haka kuma a sa ƙarfe a ɗan tura karanshaf gaba da baya, a ɗaga shi sama. Idan wasan ya kai a ji ƙwanƙwasa, to matsalar ta metal ce, kuma wajibi ne a gaya wa mai mota gaskiya kafin a ci gaba.

7.6 Sa Sabon Sil

Fuskar da ke da rami da sifirin ita ce ke kallon cikin inji, shafaffiyar fuskar mai rubutu kuma tana kallon giya. Idan sil na roba ne mai sifirin, a shafa wa leɓensa da bakin karanshaf sabon man inji, don kada ya ƙone a juyin farko. A zura shi a hankali, ana lura kada leɓen ya naɗe ko sifirin ya fita. Sai a ɗora masa katako ko bututu ko tsohon sil ɗin, a riƙa bugawa sannu-sannu ana zagayawa, har ya zauna daidai ta kowane gefe. Sil ɗin da ya karkace ko da kaɗan ne ba zai daɗe ba.

Idan kuwa na Teflon ne, hukuncin ya juya. A bushe ake sa shi, ba mai ba giris. Yakan zo da wata robar jagora a cikinsa, wadda ba a cirewa sai ya hau karanshaf. Bayan an sa shi akan bar shi wasu sa'o'i, gwargwadon umarnin da ke cikin kwalinsa, kafin a tayar da inji, domin leɓen ya kama siffar ƙarfen. Bakaniken da ya saba da tsohon samfuri ya shafa wa wannan mai, da hannunsa ya lalata shi.

7.7 Mayar da Kaya da Gwaji

A wanke filawil da ramukan notunansa. A wasu injina ramukan nan sun ɓulle har cikin inda mai yake, don haka idan ba a shafa wa notunan gam ba, mai zai biyo ta zarensu, a zaci sabon sil ne ya gaza. A ɗaure su ana tsallakawa, da sifana mai awo, bisa ƙarfin da kamfanin motar ya ƙayyade. Akwai injinan da notunansu sau ɗaya ake ɗaura su, sai a sa sababbi. Faifan kulocin da ya sha mai ba ya wankuwa, ko da an jiƙa shi da fetur ko an babbaka shi, sai dai a canza. Tun da giya tana ƙasa, yana da kyau a duba boris ɗin kuloci da sil ɗin bakin giya. A daidaita faifan a tsakiya da tsohuwar sandar giya kafin a ɗaure murfi. Idan giya ta ƙi shiga, kada a ja ta da noti, a sake daidaitawa.

Daga ƙarshe a zuba man giya, a duba man inji, a haɗa batir, a tayar. A bar inji ya yi zafi, a leƙa ƙasa, a zaga da motar, a sake leƙawa. Washegari ma a duba inda ta kwana.

8.0 Tsohon Mai da Lafiyar Gona

A yankin da ake noma da ruwan magudanai, inda ake zubar da tsohon mai abin kula ne. Baƙin mai ba ya narkewa a ruwa. Yakan shimfiɗu a samansa, ya bi shi har cikin fadamun shinkafa da tumatir, kuma da wannan ruwa ake shayar da dabbobi, yara ma suna wanka a ciki. Ƙasar da ta sha shi takan daɗe ba ta fitar da tsiro ba. Don haka a tara shi a jarka mai murfi a ba masu saye, kada a wanke inji a bakin magudana. Shi ma bakanike ya wanke hannu da sabulu bayan aiki, domin daɗewar tsohon mai a fata yana cutarwa. Wannan gargaɗi ya shafi masu tarakta da injin ban-ruwa da injin casar shinkafa, waɗanda su ma duk suna da irin wannan sil a jikin karanshaf ɗinsu.

9.0 Kalmomin Sana'ar

Ɗalibin Hausa zai lura cewa yawancin kalmomin da aka yi amfani da su a nan ararru ne daga Ingilishi, amma sun bi ƙa'idar furucin Hausa. A kalmomin fistin da farfela da sifana, sautin /p/ ya koma /f/. A karanshaf da kuloci da filawil kuwa, an saka wasali a tsakanin baƙaƙen da suka haɗu a farkon kalma, domin gaɓar Hausa ba ta farawa da baƙi biyu. Wasu kuma Hausawa ne suka raɗa su daga abin da suka gani, kamar baƙin mai da a-kori-kura. Kalmar bakanike ta shiga sahun Bakano da Bakatsine, har ta sami jam'i kanikawa da sunan sana'a kanikanci.

10.0 Kammalawa

A wannan babi an bayyana ma'anar sil ɗin bayan karanshaf, da sassansa, da abubuwan da ke lalata shi, da hanyar tabbatar da yoyonsa, da matakan canza shi. An ga cewa sa robar kanta ba ta ɗaukar minti goma, amma kaiwa gare ta da dawowa kan cinye yini guda. Saboda haka ƙwarewar bakanike tana bayyana ne a wurare uku: binciken da ya yi kafin ya kwance, da duba karanshaf da numfashin inji bayan ya kwance, da natsuwarsa wajen zaunar da sabon sil. Shi kuma mai mota, abin da ke kansa shi ne duba geji kowace safiya, da juye mai a kan kari, da kai mota gyara tun kafin kaya su nuna a gona.

Jinga

1. Kawo sassa huɗu na sil tare da aikin kowanne.
2. Me ya sa ba a yanke hukuncin cewa sil ɗin baya ne ke yoyo da zarar an ga mai a mahaɗar inji da giya?
3. Bayyana bambancin yadda ake sa sil na roba da na Teflon.
4. Ziyarci garejin da ke kusa da kai, ka tattaro kalmomi ashirin na kanikanci, ka rarrabe ararru da ƙirƙirarru.
5. Rubuta insha'in bayani a kan yadda ake gudanar da wani aiki guda a wata sana'a da ka sani, kana bin matakai daki-daki.